Fayil ɗin da ke zuwa daga asibitin Hajiya

Aikin da na fi daɗewa ina yi shi ne gadin wasu fayiloli da ke zuwa daga ƙauyuka. Mahaifiyata har ta rasu cewa take ɗanta ma'aikacin asibiti ne, don ta gaji da neman yadda za ta yi wa ƙawayenta bayani.

Wata ƙaramar ƙungiya ce ta ɗauke ni, mai tallafa wa asibitocin karkara a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kowane asibiti mun sa mashi sola, da firij na aje allurar rigakafi, da wata 'yar kwamfuta. Kwamfutar tana rubuta sanyin firij da kanta, ma'aikacin asibiti kuma yana shigar da bayanin marasa lafiyar da ya gani. Da yamma sai ta haɗa duka a fayil guda ta turo zuwa babbar na'urarmu da muke kira saba, wadda ke wani ɗaki a ofishinmu na Ƙanƙara.

A kan sabar akwai manhajar sa ido. Tambaya biyu kawai take yi wa kowane fayil: yaushe ka zo, kuma mene ne girmanka. Idan sabo ne kuma yana da ɗan nauyi, sai ta nuna kore a gaban sunan asibitin. Idan ya kwana bai zo ba, ko ya zo da ƙanƙanta, sai rawaya. Idan abin ya wuce haka, ja, sannan ta turo mani saƙo a waya. Nawa shi ne in gano dalili in gyara.

Shekarun farko dalilan duk na na'ura ne, kuma ina jin daɗin farautarsu. Wani lokaci ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ne ke mutuwa, sai ta koma wata tsohuwar shekara, fayil ya iso yanzu amma manhaja ta ce ya girmi ɗana na fari. Wani lokaci agogon gaba yake yi, fayil ya zo da kwanan watan gobe, manhaja ta rasa abin cewa. Akwai ranar da na wuni ina kallon fayil da idona a ma'ajiyarsa, ita kuwa ta nace babu shi, ashe izinin leƙa wannan ma'ajiyar ne ba ta da shi. Data kan ƙare. Ma'ajiya kan cika, sai fayil ya zo fanko. A wani asibiti can wajen Sabuwa ɓera ne ya cinye waya, a 'Yargoje kuwa hadari ne ya yi kwanaki bai bar sola ta sha rana ba. A hankali na saba da fara zargin na'ura kafin in zargi mutum.

Cikin asibitocin akwai wani a ƙauyen da ke bayan 'Yankara, ta ɓangaren daji. Wata dattijuwar malamar lafiya ke riƙe da shi, kowa Hajiya yake ce mata. Ita ce mai allura, ita ce ungozoma, ita ce mai ba da magani. Ranar da muka je sa na'ura ta tsaya bisa kaina har na ida, tana tambayar amfanin kowace waya. Da na gama ta sa aka kawo mani fura, ta ce in koya mata sau ɗaya, in ta manta laifinta ne. Da yatsa biyu take bugawa, amma fayil ɗinta ya fi na kowa girma, don mata har daga rugage suke zuwa wurinta, kuma ba ta barin kowa ya fita ba ta shigar da shi ba. Injiniya take kirana, duk da na sha faɗa mata ban kai nan ba. Idan ta ga ban kira ba kwana biyu sai ta kira ta tambayi iyali, sannan ta ce, “To, ya abin naka, ya iso?”

Ba zan iya cewa ga ranar da abubuwa suka fara lalacewa ba. Kowa a yankinmu ya san yadda 'yan bindiga suka fara da satar shanu, suka koma tare hanya, suka koma shiga gari. Ni abin da na gani daga kujerata shi ne fayiloli sun fara ramewa. Suna zuwa a kan lokaci, sai dai ba nauyi. Rawaya ta fara yawa a allon, ba don tsufa ba, don ƙanƙanta. Na yi ta bincike ina zaton wani abu ke yanke su a hanya. Na kwatanta wanda aka turo da wanda ya iso, daidai suke. Babu abin da ya yanke, mutane ne suka rage zuwa asibiti.

Shugaban ofishinmu mutumin kirki ne, tsohon ma'aikacin lafiya, amma yana da waɗanda yake ba amsa. Masu ba mu tallafi suna ganin allon daga inda suke, kuma rawaya a wurinsu tana nufin na'urorin da suka saya ba sa aiki. Ya ce in rage ma'aunin girman, tunda ƙaramin fayil ya zama shi ne na kullum. Na ce mashi in na rage, ranar da fayil ya zo a lalace ba za mu sani ba. Muka yi ta ja har muka tsaya a tsakiya: kowane asibiti na yi mashi nasa ma'aunin, daidai da abin da ya saba turowa a watannin baya. Allon ya koma kore. Shi bai yi murna ba, ni ma haka.

Na Hajiya shi ne ya fi daɗewa bai rame ba. Da shi ma ya fara, na kira ta. Ta ce matan ruga sun daina zuwa, wasu sun tashi, wasu suna tsoron mutanen gari kamar yadda mutanen gari ke tsoronsu. Masu ciki sun gwammace su haihu a ɗaki da su bi hanyar gona. Na ce ko za ta nemi a maida ta cikin Faskari, tunda ta kusa aje aiki. Ta ce 'ya'yanta ma kullum maganar ke nan, amma in ta tashi sai an rufe wurin, kuma akwai mata biyu da watansu ya kama.

Da damina ne, masara ta fara fidda kai. Na shigo ofis da safe na iske rawaya a gaban sunan asibitinta: fayil ɗin jiya bai zo ba. Ban damu ba, don an kwana ana ruwa. Na bi hanyar da na saba bi. Agogon saba daidai yake. Fayil ɗin Mairuwa ya zo, na cikin 'Yankara ma ya zo, ke nan ba daga wurinmu ba ne, kuma sabis bai ɗauke a yankin ba. Na duba ko sunan fayil ne ya canza, ko an aje shi a wata ma'ajiyar. Na duba izini. Na duba layin da ke cikin na'urarta, akwai data. Na gwada shiga kwamfutar tata daga nan, ba ta amsa ba. Na ce batir ne.

Na kira wayarta, a kashe. Wannan ma na ba shi uzuri, tunda da solar asibitin take caji. Bayan azahar na sake kira, haka bayan la'asar. Washegari rawaya ta koma ja, saƙo ya shigo wayata ina karyawa. Na kira direban da ke kai mamu allura, ya ce shi rabonsa da wannan hanyar tun kafin ruwa ya zauna, amma ya ji ƙishin-ƙishin an shiga wasu ƙauyuka ta can. Bai san waɗanne ba.

Ranar kasuwar 'Yankara na saka sabon batir da kayan gyara a jaka na hau mota. Matata ba ta so ba, amma ta raka ni har zaure. Na yi niyyar in na sauka in nemi mai babur ya shiga da ni. Duk wanda na faɗa wa sunan ƙauyen sai ya dube ni ya girgiza kai. Wani daga cikinsu ya tambaye ni wurin wa za ni. Da na ce wurin Hajiya sai ya nuna mani rumfar masu hatsi ya ce ga maigidanta can.

Na taɓa ganin dattijon sau ɗaya, ranar sa na'ura. Yana zaune bisa buhu, rigarsa duk ta yamutse, kamar wanda ya kwana da ita ba sau ɗaya ba. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa mashi ko ni wane ne. Ya gane ni. Ya ce da rana tsaka 'yan bindiga suka zo bisa babura, mutane na gona. Ba su tsaya neman shanu ba, asibiti suka nufa kai tsaye suna tambayar ina likita, da alama suna da marasa lafiya a daji. Suka tafi da ita, da wata mata da ta kawo ɗanta allura, goye da yaron, da wasu maza da suka iske a hanya. Suka kwashe magunguna, suka tsinke wayoyi. Kafin dare gari ya watse, shi yanzu a zauren wani ɗan'uwansa yake kwana.

Na yi mashi jaje da addu'a. Ya dubi jakata ya ce, “Gyara ka zo yi?”

Na ce, “Eh, Baba. Na ɗauka batir ne.”

Ya ce Allah ya yi mani albarka, in koma gida tun da sauran rana.

Na koma ofis na faɗa wa shugabanmu. Ya cire hularsa ya aje bisa tebur, sannan ya fara buga wayoyi zuwa inda ya kamata. Manhaja kuwa ba ta san komai ba. Bayan kowane 'yan sa'o'i sai ta turo mani cewa fayil ɗin ya tsufa, tana ƙara lissafin daɗewarsa. Ina masallaci saƙon zai shigo, ina cin abinci zai shigo. Akwai wurin da ake latsawa a nuna mata an san da matsalar don ta yi shiru, amma sai an rubuta dalili. Na zauna gaban wannan gurbin na kasa samun abin rubutawa. Daga baya na rubuta cewa ba kowa a asibitin.

Shugaba ya ce in cire asibitin daga allon gaba ɗaya, kamar yadda muka cire wasu da aka rufe a baya. Na roƙe shi ya bar mani shi. Bai tambaye ni dalili ba, ya ce to.

Haka ja ɗin nan ya zauna makonni. Nakan kira dattijon lokaci zuwa lokaci. Ya ce waɗanda suka tafi da Hajiya sun kira, sun ba ta waya ta yi magana kaɗan, muryarta a dishe. Suna neman abin da ya fi ƙarfin gidan, ana ta faɗi-tashi.

Wata safiya na buɗe allo na ga abin da ya sa na miƙe tsaye. Fayil ya zo daga asibitin Hajiya. Gurbin daɗewa ya koma kore, na girma ne kawai ke ja. Hannuna ya kai ga waya zan kira dattijon in yi mashi albishir, sai na ce bari in buɗe tukuna. Ba ko mara lafiya ɗaya a ciki. Layukan firij ne kawai, waɗanda kwamfuta ke rubutawa da kanta. Kuma ba da yamma aka turo shi ba, an turo shi ne lokacin da na'urar ta kunnu, don haka muka tsara ta: in ta farfaɗo ta turo abin da ke hannunta. Wani ya haɗa wayoyin da aka tsinke.

Na yi ta kallon layukan. Firij yana sanyi, amma sanyin yana hawa yana sauka, alamar ana yawan buɗe shi. Hajiya ba ta buɗe firij ɗinta haka, ta sha korar mutane daga gabansa. Batirin sola kuma yana zuƙewa fiye da yadda firij da kwamfuta za su iya sha. Na kira shugaba na nuna mashi. Ya ce kar in faɗa wa iyalinta komai sai mun tabbatar.

Ba a daɗe ba muka samu tabbaci. Wani mutumin ƙauyen ya saci jiki ya je duba gonarsa, ya dawo ya ba direbanmu labari. 'Yan bindigar ne a asibitin. In ruwa ya tare su nan suke fakewa, sun ja waya daga sola suna cajin wayoyinsu, lemo da ruwa ne a cikin firij. Alluran sun watsar a tsakar gida.

Shugaba ya kai wannan bayani inda ya dace, da lokutan da na'urar ke kunnuwa. Abin da aka yi da shi ban sani ba. Ni dai fayil ya ci gaba da zuwa, yau ya zo gobe bai zo ba, ina buɗe kowanne duk da na san abin da zan gani.

Rannan sai na iske gurabun biyu duk kore. Fayil ɗin ya yi nauyi har ya wuce ma'aunin da na sa mashi. Na ce ko sun kawo Hajiya ɗaukar wani abu, ta samu dama ta zauna gaban kwamfuta. Na buɗe da sauri. A gurbin sunan mara lafiya haruffa ne birjik ba ma'ana, harafi ɗaya an danne shi ya cika layi bayan layi, sai wani, sai lambobi. Wani ne ya zauna yana wasa da madannai. Na karanta shi daga farko har ƙarshe ko zan ga kalma ɗaya da mutum ya nufa, ban gani ba. Manhaja ta turo mani saƙo cewa asibitin ya dawo lafiya.

A ranar na je na samu shugaba na ce lokaci ya yi da za a rufe. Wannan kwamfutar tana da mabuɗin shiga sabarmu, kuma a sabar akwai bayanan matan duk asibitocin, da ƙauyukansu. Ba na zaton waɗanda ke can sun san haka, amma ba abin da za a bari ba ne. Ya ce dama jira yake in faɗa da bakina. Na soke mabuɗin, na sa aka rufe layin, na kwafe tsofaffin fayilolinta na adana, sannan na cire sunan asibitin daga allon.

Sai bayan an yi girbi, waɗanda suka samu yi, aka sako Hajiya. Gonar gidan ta tafi, da shanun noma, da abin da 'yan'uwa suka tattara. Dattijon ne ya kira ni da kansa ya faɗa mani. Ya ce tana gidan ɗiyarsu a cikin Faskari, amma a ɗan ba ta lokaci kafin a fara zuwa.

Da na je na iske ta a tsakar gida bisa tabarma, ƙafafunta a miƙe an shafa masu magani. Ta rame har da ƙyar na gane ta. Ita ce ta fara cewa, “Injiniya, kai ne?” Ta sa ɗiyarta ta kawo mani ruwa, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ba da labari a jere ba. Takan faɗi abu ɗaya ta tsallaka wani. Ta ce sun sa ta wanke raunuka, ta yi allura, ta karɓi haihuwar matansu. Ta ce ba a taɓa maido ta asibitin ba, ba ta ma san sun zauna a ciki ba sai da ta fito. Na ga ba amfanin in ba ta labarin fayilolin, sai na bar shi.

Can ta ce yaron da aka tafi da shi goye bai dawo ba. Gudawa ce ta kama shi. Ta roƙe su gishiri da sukari da tafasasshen ruwa, suka ce babu sukari, alhali tana ganin suna shan shayi. A cinyarta ya cika, uwar na gefe. Ta ce a duk abin da ta gani wannan ne ke hana ta barci, don ciwo ne da ta warkar ba adadi.

“Abin da ba ya kashe yaro a hannuna,” in ji ta. Ta sake faɗa a hankali, kamar ba da ni take ba.

Ɗiyar ta zo ta gyara mata mayafi ta ce ta gaji. Na yi mata addu'a na tashi. Dattijon ya raka ni bakin hanya. Ya ce ta aje aiki, takardun ma ɗansu ne ya kai. Matan nan biyu da take jira, ɗaya ta haihu lafiya a Mairuwa wurin danginta, ɗayar ba wanda ya san inda suka nufa ita da mijinta. Na tambaye shi ko suna tunanin komawa. Ya ce shi dai yana so, ko don kabarin iyayensa, amma ba gonar da zai koma mawa.

Na samu motar ƙarshe mai zuwa Ƙanƙara, don direbobi ba sa yarda la'asar ta yi masu a hanya. Mun cika har gaba. A gefen titi ga dawa nan tsaye a wasu gonaki ta bushe ba a yanke ba, tsuntsaye na ci. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta jan carbi, duk inda direba ya rage gudu sai ta ɗaga kai ta duba gaba. Da muka shigo gari ta sauke ajiyar zuciya, ta tambaye ni ko na san inda ake sayar da maganin hawan jini mai sauƙi. Na sauka tare da ita na nuna mata.